Hoton Inna da Almuru

Hoton nan da ke rataye a bangon ɗakina ya sha magana a bakinku. Wasunku sun ce kakarku mafaɗaciya ce, wai dubi yadda ta zuba wa mutum ido. Wasu sun ce mai ɗaukar bai iya aiki ba, tunda komai ya fito raɗau sai bakin, da ya yi dishi-dishi kamar an shafa shi da yatsa. Bara kuma ɗan'uwanku Sani ya zo mini da shawara, wai a ba shi ya kai Kano, akwai masu gyaran tsohon hoto da za su zana mata sabon leɓe. Na yi masa tsawar da ta sa ya ɗauke ƙafa daga ɗakina na ɗan lokaci, kuma ban gaya masa dalili ba. To ga dalilin, zan rubuta muku tun ina da sauran gani. Mai ɗaukar nan da bai iya aiki ba ni ne, kuma wannan shi ne hoto na ƙarshe da na ɗauka a duniya.

Ni ne ɗan fari a gidanmu na Gumel. Ku da kuka tashi kuna hawa cinyar iyayenku kuna jan gemunsu ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Delu, ƙanwar Baba, wadda ke aure a Gagarawa, can na yi wayo. Ran suna an raɗa mini Haruna, amma Baba bai taɓa kirana da shi ba, sai dai Na-Delu, har sunan ya bi ni zuwa yau. Inna kuwa ko Na-Delun ba ta faɗi. Idan ta kama dole ta yi maganata, sai ta ce “wancan”. In na zo Gumel na shigo tsakar gida, nan take za ta tuna da wani abu da ta bari a madafi. In na durƙusa gaishe ta, sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke hannunta. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma macen da ta fi kowa riƙe ta ita ake yabo. Na san haka sarai, don kullum aka kawo mini tuwo daga ɗakinta sai na tarar da tsoka a ɓoye a ƙarƙashin malmala, wadda ƙannena ba su samu ba. Amma sanin bai hana abin ya riƙa ci mini rai ba. Na girma har na tsayar da gemu ban san yadda idon mahaifiyata yake ba idan ta kalli mutum.

A shekarun da gyaɗa ta yi daraja, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, na bi masu jakuna na tafi cin rani, ban kuwa dawo da damina ba. A Sabon Gari na haɗu da wani Bayarabe mutumin Ikko mai ɗaukar hoto, na kama aiki a wurinsa. Akwatin hoto na wancan zamani ba irin wanda kuke ratayawa a wuya ba ne. Katako ne mai ƙafafu uku, da ido na gilashi a gaba mai murfi, a baya kuma akwai wani madubi da mai ɗauka ke leƙawa bayan ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. A madubin nan mutum yakan fito kai ƙasa ƙafa sama. Idan ka daidaita shi ya fito fes, sai ka rufe idon, ka zura gilashi mai magani a gurbin madubin. Daga nan ko ka leƙa ba abin da za ka gani sai duhu. Sai ka fito ka tsaya gefen akwatin, ka ce wa mutum ya dube ka, ka cire murfin ka mayar. Da hantsi, ƙiftawar ido ta isa. In haske ya yi ƙaranci kuwa dole murfin ya daɗe a buɗe, kuma duk abin da ya motsa a wannan tsakani, ko mutumin ko akwatin, zai fito kamar hayaƙi. Shi ya sa maigidana ba ya ɗaukar kowa bayan la'asar. Da Hausarsa ta ɗan koyo yakan ce mini, rana ya gaji, rufe akwati. Na so aikin nan ƙwarai. Har yau ban ga abin da ya kai daɗin ganin fuskar mutum tana fitowa a hankali a cikin ruwan magani ba.

Wata shekara bayan kaka aka aiko mini daga gida cewa Baba da Inna sun ɗaura niyyar hajji. Hajjin lokacin a ƙasa ake yin sa, a bi ta Barno a yi ta gabas, ana tafiya ana tsayawa ana ƙwadago, shekara da shekaru. Wanda zai tafi akan yi masa ban kwana irin wanda ba a sa ran sake haɗuwa. Na roƙi maigidana aron akwatin da 'yan gilasai, na ɗora wa jaki. Na biya ta kasuwar Maigatari na ɗauki wasu fatake da ke son a ga rawunansu, sannan na iso gida da ɗan abin da ya rage. Baba ya kira ni zaure. Yana magana yana kallon tasbaharsa, don shi ma ba ya haɗa ido da ni, sai dai tasa kunyar ba ta kai ta Inna ba.

“Na-Delu, za mu gabas,” in ji shi. “Gida ba ya zama babu babba. Ga gona, ga rumbuna, ga ƙannenka. Wannan akwatin naka ka mayar wa mai shi, ka dawo ka zauna.”

Ina da ɗaki a Kano, ina da sana'ar da hannuna ya faɗa da ita, maigidana har ya fara zancen zai bar mini wurin in ya koma garinsu. Duk na ga sun tafi a cikin maganar da ba ta fi numfashi biyu ba. Amma a lokacinmu ba a ce wa uba a'a, balle uban da zai kama hanyar Makka.

“Na ji, Baba,” na ce. “Sai dai ina roƙon abu guda. Ku bari in ɗauke ku hoto kafin ku tafi, kai da Inna.”

“Ni dai ba za ka sa ni a gilashi ba. Fuskar da zan kai Ɗakin Allah ba zan bar rabinta a Gumel ba. Uwarka kuwa, je ka tambaye ta, in za ka iya.”

Ya faɗi haka yana murmushi cikin gemu, don ya san ba zan iya ba. Abin da ya manta shi ne ƙanwarsa ta iso daga Gagarawa don ban kwana. Gwaggo Delu mace ce gajera mai murya, wadda ba ta san a yi magana a hankali ba, kuma tsakaninta da Inna akwai wasan dangin miji. Ina gaya mata ta ce in bar mata. Washegari da hantsi ta janyo Inna ta zaunar da ita a tsakar gida, mata cike da gidan suna kallo. Haske ya yi kyau, na daidaita komai, na fito daga ƙyalle na tsaya gefen akwati kamar yadda aka koya mini. Ina cire murfi Inna ta ga ni ne tsaye a gabanta, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Da na wanke gilashin, abin da ya fito wata dunƙulalliyar inuwa ce mai kawuna biyu. Matan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Muka sake gwadawa, aka sake yin haka. Gilashi ɗaya ya rage mini, kuma babu inda ake samun wani sai Kano. Ina naɗe kaya na ji Gwaggo da Inna ta bayan danga.

“Haba matar Yaya, ɗan zaman nan ne ya gagare ki? Ke da za ki taka har Makka?”

“Ki bar ni, Delu. Yaya zan zauna in zuba wa wancan ido a gaban mutane? Ai sai a ce ba ni da ta ido.”

Ranar jajibirin tafiya gidan bai huta ba tun safe. Masu neman gafara suna shiga suna fita, masu kawo guzuri suna ajiye ƙuli-ƙuli da garin gero, wasu na kuka, wasu na ba da saƙon addu'a. Na kafa akwatina a gindin rumbu ko Allah zai sa a samu sarari, na zauna ina kallon inuwar katanga tana cin tsakar gida. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Da la'asar sakaliya na fid da rai. Rana ta sauka bayan itatuwa, mata suka watse don ɗora tuwo, maza suka fita alwala, gidan ya yi tsit. Na fara kwance ƙafafun akwatin ke nan sai ga Gwaggo, kuma abin mamaki, da raɗa take magana.

“Mayar da abinka. Ta ce in za a yi, a yi yanzu da babu kowa.”

“Gwaggo, rana ta faɗi. Ba a ɗaukar hoto da almuru.”

“To ka kamo ta ka dawo da ita. Ni dai na gaya maka, gobe war haka suna daji.”

Ban taɓa ɗaukar hoto a irin wannan haske ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya ɗauka ba. Amma na san abin da ke ɓata hoto motsi ne, don haka na shiga kashe motsi duk inda yake. Na kifa turmi a jikin rumbun da ke gabashin gida, yadda wanda ya zauna zai fuskanci yamma, inda sama ke da sauran haske, kuma zai jingina ƙeyarsa da rumbun kada wuya ya yi rawa. Na danna ƙafafun akwatin cikin rairayi har suka kama, na ɗaure ɗan dutsen niƙa da igiya na rataya a tsakaninsu don ya yi nauyi. Maƙwabciyarmu tana daka, ina jin bugun taɓaryarta a tafin ƙafata, sai Gwaggo ta leƙa ta kan danga ta ce mata ta dakata, mijinta ba zai mutu da yunwa ba. Aka kore awaki. Na tuɓe farar rigata na ba Gwaggo, na ce ta buɗe ta a gefen da inuwa ta fi yawa, don ɗan hasken da ya rage ya bugi rigar ya koma kan fuska. Sannan Inna ta fito daga ɗaki, ta zauna a kan turmin, kanta a ƙasa. Na shiga ƙyalle na leƙa madubi, ban ga komai ba sai duhu-duhu. Na sa Gwaggo ta ɗauko bakin wuta daga murhu ta riƙe dab da kuncin Inna, na yi ta matsar da idon akwatin gaba da baya har jan garwashin ya tsaya cak, ɗan ƙarami mai kaifi. Na ce a mayar da wutar.

Saura babbar matsalar, wadda ba ta haske ba ce. Ina cikin ƙyallen nan dabara ta zo mini. Na yi magana daga ciki, ta hannun Gwaggo, kamar yadda muka saba.

“Gwaggo, ki gaya wa Inna ba zan fito ba. Ina nan cikin ƙyalle, hannuna kawai zan miƙa in cire murfi. Ba za ta ga fuskata ba. Ni ma da zarar na sa gilashi ba na ganin komai. Akwati kawai za ta kalla.”

Can na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa.

“Tambaye shi, da gaske ba ya gani?”

“Wallahi ba na gani,” na ce, ban jira Gwaggo ba.

“Har yaushe za a zauna?”

“In ladan ya fara kiran salla, ta dubi idon akwatin, kada ta motsa sai na ce to. Ko amsa kiran ma, ta amsa a zuci.”

Na zura gilashina na ƙarshe, na zagaya da hannu ta gefen akwatin na riƙe murfin da yatsu biyu. Ba mu daɗe ba ladanin unguwarmu ya ɗaga murya. Na zare murfin a hankali, na janye hannuna kada in taɓa katakon, na ɗauke numfashi. Cikin ƙyallen duhu ne da zafi da warin magani. Ina jin kaji suna shiga akurki. Na san a daidai wannan lokaci mahaifiyata tana kallon inda nake, abin da na yi ta so tun ina yaro, ga shi kuma na rantse mata ba na gani, kuma da gaske ba na gani. Na bar murfin a buɗe har ladan ya gama shahada, na ƙara ɗan jinkiri saboda duhun, sannan na mayar na ce to. Kafin in yaye ƙyallen daga kaina turmin ya zama wayam, Inna ta ɗauki buta ta yi bayan ɗaki. Gwaggo ta miƙo mini rigata da ɗan danshi a gefe guda. Ta ce hayaƙin bakin wutar ne ya shiga idonta.

Da sassafe muka raka su har bayan gari. Baba ya sa mini albarka. Inna ta ce wa Gwaggo a kula da gida, ta gyara kayanta a ka, ta bi bayan mijinta, ba ta waiwayo ba. Ina dawowa na toshe ƙofar ɗaki da barguna, na kunna 'yar fitilar ja, na wanke gilashin. Da ya bushe na haɗa shi da takarda na ajiye a rana. Abin da ya fito shi ne wanda kuke gani. Kowane zare na mayafinta ya fito, da tsagar da ke kuncinta, da tsattsagewar jikin rumbu. Ga kuma idanun, a buɗe, sun dube ni kai tsaye. Ku kuka ce faɗa ne a cikinsu. Ni da na san ta, na ga mace ce da aka ba ta ɗan lokaci kaɗan ta kalli abin da aka hana ta kallo, take kuma kallonsa da dukkan ƙarfinta. Na zauna a ƙasa na yi kuka, da gemuna da komai. Sai da na share ido na lura da bakin. Raina ya ɓaci irin na mai sana'a, na je na nuna wa Gwaggo, na ce ai sai da na ce ta amsa kiran salla a zuci. Gwaggo ta karɓa ta duba, ta ce haka Allah ya so, ta miƙo mini. Ban taɓa jin ta gajarta magana irin ta ranar ba.

Na mayar da akwatin Kano. Maigidana ya ga hoton ya yaba, ya ɗora yatsa a kan bakin ya ce Mama ya yi magana, muka yi sallama. Na dawo na kama fartanya. Ba zan ce muku ban ji ciwo ba. Na yi shekaru in na ga haske ya sauka da kyau a fuskar wani a kasuwa sai in ji hannuna yana neman murfi. Amma na aurar da ƙannena, rumbunan Baba ba su taɓa zama wayam ba, kuma a gidan nan aka haife ku.

Sai da aka haifi babbar yayarku har ta fara tafiya sannan Baba ya dawo, shi kaɗai, ya rame ya yi baƙi. Sun sauke farali tare. A hanyar dawowa zazzaɓi ya kama Inna a wani gari na ƙasar Sudan, a can aka binne ta. Bayan an watse daga zaman gaisuwa ya kira ni zaure, ya yi ta juya tasbaha, sannan ya ce in ɗauko masa abin nan na gilashi. Ya riƙe hoton da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne da ya sani da ya zauna kusa da ita. Gwaggo Delu tana gefe, ta tsufa, muryar ma ta ragu. Sai na ce hoton ya yi kyau, bakin ne kawai ya ɓaci, da ta yi haƙuri ba ta amsa wa ladan ba. Gwaggo ta harare ni.

“Kai dai da son nuna iya aiki. Wa ya gaya maka ladan take amsa wa? Ina tsaye dab da ita da rigarka a hannu, ina ji. Sunanka take faɗi. Haruna, Haruna, a hankali, tun da ka buɗe abin nan har ka rufe. Ta ce in na gaya maka tana raye ba ta yafe mini ba.”

Baba ya sunkuyar da kai. Ni kuma na karɓi hoton na fita, don ban iya zama ba.

Yanzu duk waɗanda suka san sunan nan a bakinsu sun tafi, ni ma Malam Na-Delu kowa ke ce mini har jikoki. Sau ɗaya mahaifiyata ta kira ni da sunana, ban ji ba, amma gilashi ya kama. Don haka, Sani, da kai da 'yan'uwanka, in na mutu ku raba komai yadda shari'a ta ce, hoton kuma ya zauna wurin wanda zai riƙe shi da kyau. In takardar ta tsufa ku sake mata gilashi da katako. Bakin nan dai kada wanda ya gyara shi.